Ranar Da Aka Ari Bawul Ɗin Kwaɗo

Warin fetur ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gidan mai, wanda iska ke kwashewa kafin ya zauna a hanci. Akwai kuma wanda aka zuba a tsohon kwano aka wanke kayan inji a ciki, ya gauraya da baƙin mai da tsatsa. Wannan na biyun shi ne yake tuna mini da baya. Makon jiya ina tsakar gida ina tsince shinkafa, a nan Gwarzo inda aure ya kawo ni, sai ya shigo mini ta soro. Babban ɗana makaniken babur ne, a ƙofar gida yake aikinsa, don haka warin ba baƙo ba ne a wurina. Sai dai ran nan da magana ya shigo. Na ji muryar wan mijina yana ce wa yaron, "Ai naka da nawa iri ɗaya ne. Ciro mini bawul ɗin naka da sifirin ka sa mini, in na dawo daga tafiya sai a mayar."

Na kasa kunne in ji amsar ɗana. Shiru. Irin shirun nan na san shi, na taɓa jin sa sau ɗaya ina yarinya, kuma na ga abin da ya haifa.

Bari in koma da ku baya. Sai da na girma na hayayyafa na koyi riƙe biro a ajin manya, kuma tun ranar da hannuna ya faɗa, wannan labarin ne nake so in ajiye a takarda.

A wani ɗan ƙauye na tashi, bayan Dugabau, ta wajen Kabo. Asalinmu makiyaya ne. Kakannin kakanni suka zauna suka kama noma, harshenmu na asali ya tafi, shanu 'yan kaɗan suka rage, amma kunya ba ta je ko'ina ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Suruka ba ta haɗa hanya da uban mijinta, in ta hango shi sai ta durƙusa ta juya fuska ga danga har ya wuce. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin wani ya ce abin da nauyi ba.

Tsakaninmu da hanyar burji akwai fadama. Da rani sai ka tsallake ta ba ka san ka tsallake ba, ƙasa ce baƙa mai tsattsagewa, mu yara mukan tura yatsun ƙafa cikin tsagar muna wasa. Amma in ruwa ya zauna, dawa ta kai ƙirji, fadamar nan sai ta zama wani abu dabam. Laka ce mai riƙe ƙafa, mai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Mota ba ta zuwa. Jaki yana tirjewa a bakinta. Amalanken shanu ma sai an yi kwanaki ba a yi ruwa ba yake gwadawa.

Abin hawa biyu ne a gidanmu, duka na Kaka, mahaifin Babana. Wasu masu aikin gona ne suka zo yankinmu a shekarun baya, da malamansu da motocinsu, suka yi abin da za su yi suka tafi, aka yi gwanjon kayan da suka bari. Kaka ya saki bijimi ya ɗauko biyu. Ɗaya babur ne dogo siriri, irin na shiga daji, tayoyinsa masu haƙora, in ka hau ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Shi muke kira Zalɓe. Ɗayan kuma mai ƙafa huɗu ne, gajere, faffaɗa, tayoyinsa a kumbure kamar tulu, da kariyar ɗora kaya gaba da baya. Shi ne Kwaɗo, don babu abin da yake so kamar laka. Duk faɗin ƙauyukanmu shi kaɗai ne ke ratsa fadamar nan a tsakiyar damina da kaya a bayansa. Taki ya ɗauka, buhunan masara ya ɗauka, ya taɓa ɗaukar wani maƙwabcinmu da maciji ya sara, kuma mutumin ya rayu.

Baffa, ƙanin Babana, shi ne ya koyi gyara a Gwarzo, shi ke kula da su. Yakan ce, "Cikinsu ɗaya ne. Uwa ɗaya ta haife su, riga ce kawai kowa da tasa." Saboda haka in fulogin wannan ya mutu sai a ari na wancan. Ba wani abin mamaki ba ne a gidanmu. Garma ana ara, jaki ana ara, hatta bakin fartanya akan cire daga wannan ƙota a sa a waccan. Babu mai cewa wannan nawa ne, kuma abin da Kaka ya ce shi ake yi.

Ni ce 'yar gaban goshin Kaka. Amaryarsa yake kirana. In na kai masa fura sai ya ɗanɗana ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan amarya ba ta iya dama fura ba, gobe zan mayar da ke gidanku." Ni kuma in ce, "Tsoho mai haƙori uku, wa zai zauna da kai in ba ni ba?" Ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Duk gidan ni kaɗai ce ke iya kallon idonsa in faɗa masa abin da na ga dama. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A daminar da nake ba ku labari, Inna, mahaifiyata, jikinta ya yi nauyi. Ban san me ke nan ba. Ba a gaya wa yaro irin wannan, sai dai wata safiya ka tashi ka ji kukan jariri a ce maka an sayo maka ƙani a kasuwa. Abin da na gani da idona shi ne ƙafafunta. Sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Nakan danna yatsa a bayan ƙafarta in cire, ramin ya zauna bai ciko ba, ni ina dariya, ita tana cewa in bar ta ta huta. Awarwaronta sai da aka sa sabulu aka zare su. Kullum kanta a ɗaure tamau da ɗankwali saboda ciwo.

Sai daga baya, bayan shekaru, ungozomar ƙauyenmu ta ba ni sauran labarin. Wata rana Baba ya ɗauki Inna a kan Kwaɗo aka ce za ta gaida danginta. Ashe awo ya kai ta Kabo. Malamar asibiti ta duba ta, ta kira Baba gefe ta ce masa wannan haihuwar ba ta gida ba ce. Ta ce ranar da ciwo ya fara, ko Inna ta ce idonta yana ganin wuta-wuta, kada a tsaya jiƙa komai, a kawo ta. Tun daga ranar Baba ya daina ɗaukar taki da Kwaɗo. Ya cika tankinsa, ya shigar da shi rumfa, ya lulluɓe shi da buhuna. Kowace safiya kafin ya tafi gona sai ya yaye buhun, ya tayar da shi, ya saurari ƙararsa kaɗan, ya kashe. Ina ganinsa. Na ɗauka so yake yi wa abin, kamar yadda wasu ke son doki.

A da irin wannan magana tana da hanyar da take bi ta isa kunnen mai gida. Suruka ta gaya wa ungozoma, ungozoma ta gaya wa uwar miji, uwar miji in ta kai wa mijinta tuwo ta ajiye masa maganar a gefen akushi, cikin kalma biyu, ba tare da kowa ya ji kunya ba. Iya ce ke wannan aikin a gidanmu, kakata, matar Kaka. To Iya ta rasu da ranin shekarar. Hanyar ta yanke, kuma babu wanda ya lura ta yanke. Kaka yana soro, Inna tana can ƙuryar gida cikin babban mayafi. Ko ya san tana da juna biyu, bai san wata ya kama ba, bai kuma san abin da aka faɗa a Kabo ba.

Wata safiya, sama a lumshe, wani mutum ya zo a keke da laka har gwiwa, ya ce aminin Kaka ya rasu a Kutama. Tare suka yi kiwo suna yara, wuƙa ɗaya ta yi musu kaciya. Na ga Kaka ya cire hula ya riƙe a hannu ya daɗe yana kallon cikinta. Sannan ya ce a fito da Zalɓe.

Zalɓe kuwa ya kwana biyu ba ya tashi. Baffa ya riga ya buɗe kan injinsa, kayan suna jiƙe a kwanon fetur a gindin durumin ƙofar gida. Ni an aiko ni da furar Kaka, na ajiye na tsaya kallo. Baffa ya ciro wani ƙarfe ya nuna masa. Wanda bai taɓa ganin bawul ba, kamar ƙusa yake mai tsawon yatsa, da faffaɗan kai kamar bakin ƙaramin mazurari. Biyu ne a kan inji, ɗaya yana buɗewa mai ya shiga, ɗaya yana buɗewa hayaƙi ya fita, kowanne da sifirin da ke mayar da shi ya rufe. Baffa ya taɓa ce mini ƙofa ce, sifirin kuma hannun da ke rufe ta. In hannun ya yi sanyi ƙofar ta makara, sai fistin ya taso daga ƙasa ya same ta a hanya.

"Na hayaƙin ne ya ci wuta, Alhaji," in ji Baffa. "Ga bakinsa ya tsage. Sifirin ɗin ma sun saki. Na tambaya a Gwarzo babu irinsa, sai dai birni."

Kaka ya ce, "Na Kwaɗo fa? Ba kai ka ce cikinsu ɗaya ba?"

"Ɗaya ne. Ko dai in kai ka a Kwaɗon, Alhaji?"

"Ni? In shiga gidan makoki a kan wannan abin, yara na bi na da ihu kamar an kawo mai wasa da kura? Ciro nasa ka sa wa wannan, Auta. In an yi sadakar uku muka dawo sai ka mayar."

Baba yana tsugune gefe, ya dawo daga gona jin labarin rasuwa, fartanyarsa na kafaɗa. Na ga Baffa ya ɗago ya dube shi. Baffa ya sani, ko ya yi zato, don shi ma yana ganin buhunan nan da tankin da ba a taɓawa. Baba ya sauke fartanyar. Ya gyara murya.

"Alhaji, da dai an bar Kwaɗo yadda yake. Saboda damina."

"Yau damina ta fara?" Kaka ya juyo, ba da faɗa ba. Bai dubi fuskarsa ba, don ɗansa ne na fari, ba ya duban ta, wajen kafaɗarsa ya duba. "Kai, akwai wani abu ne?"

Har yau ina ganin yatsan Baba yana zane a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga mahaifinsa da hawaye bai bushe masa ba. Ga ɗan aike baƙo yana zaune yana shan ruwa. Ga dattawan maƙwabta sun fara taruwa yi wa Kaka gaisuwa. A gaban waɗannan duka ne zai buɗe baki ya ce matarsa ta kusa haihuwa, kuma an ce da haɗari. Shirun ya yi tsawo har na ji kukan kwaɗi daga fadama.

"Babu komai, Alhaji."

Shi ke nan. Aka turo Kwaɗo daga rumfa aka yaye masa buhuna.

Na faɗa muku ni kaɗai ce mai bakin gaya wa Kaka komai. Da na sani, da cikin wasa zan ce, "Tsoho, ka bar wa Innata abin hawanta," ya yi dariya ya tambaya, magana ta fito. Amma ni ce kuma wadda ba a gaya wa komai ba. Masu sani ba su da baki, mai baki ba ta da sani. Ina nan tsaye da ƙwaryar fura ina kallon sifana tana juyawa, abin yana ba ni sha'awa.

Baffa ya ciro bawul biyu na Kwaɗo, sumul, ya wanke su ya sa wa Zalɓe da sifirinsu. Bugu ɗaya Zalɓe ya tashi, dattawa suka ce madalla. Amma Baffa bai wanke hannu ba. Ya ce ba a barin inji a buɗe da damina, raɓa tana shiga, zanzaro yana gini a ciki. Wannan gaskiya ne, sai dai ba shi ne dalilinsa ba. Ya zauna da ƙonannen bawul ɗin nan na Zalɓe, ya shafa masa wani abu mai yashi-yashi a baki, ya zura shi a mazauninsa cikin kan injin Kwaɗo, ya riƙa murza shi tsakanin tafukansa kamar yadda mace ke murza maburgi a tukunyar miya. Ya murza, ya ɗaga ya duba, ya sake murzawa. Kaka yana ta cewa rana na yi, za a rasa jana'iza. Baffa yana cewa, "Yanzu, Alhaji," gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sifirin ɗin da suka saki kuma, da ya tsayar da su a kan murfin kwano, na ga sun rusuna kamar tsoho. Ya nemo wasu 'yan zobban ƙarfe ya sa musu a ƙasa don su ƙara tsayi. Ya rufe, ya ɗaure. Kwaɗo ya tashi, amma da wata 'yar shessheka a muryarsa wadda ba ta nan a da.

Da Kaka ya shiga ɗauko babbar riga, Baffa ya matso kusa da Baba. Ina bayansu, ba su damu da ni ba.

"Zai yi tafiya, Yaya. Amma a lallaɓa shi. Kada a matsa masa totur."

"In ta kama a matsa fa?"

Baffa ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, ko da yake ya riga ya fita. Can ya ce, "Ana gama sadaka zan dawo, ko shi bai taso ba."

Kaka ya fito, ya ja kunnena ya ce in kula masa da ɗaki kada in kawo wani saurayi. Suka hau, Baffa na tuƙi, suka bi ta tudu inda Zalɓe ke iya bi a gefen kunyoyi. Wasan ƙarshe ke nan da Kaka ya yi da ni.

Washegari aka wuni ana yayyafi. Wanshekaren ta kuma ruwa ya sauko tun asuba kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ina hura wutar da ta ƙi kamawa saboda jiƙaƙƙen kara, sai na ji Inna ta kira ni a hankali ta ce in kira mata ungozoma, kuma in gaya wa Baba idonta yana ganin wuta. Ban taɓa ganin Babana yana gudu ba sai ran nan.

Kafin a fito da ita jijjiga ta kama ta. Ba zan bayyana muku wannan ba. Wadda ta taɓa gani ta sani, wadda ba ta gani ba Allah ya sa kada ta gani. Aka ciro ƙyauren ɗakinta aka ɗaure a kariyar baya, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da ita. Ungozoma, tsohuwa da ita, ta ɗare gefe ta rungume ta. Baba ya yi bisimilla. Kwaɗo ya tashi, da shesshekar nan tasa. Mayafin Inna ya faɗi a ƙofar gida, na ɗauka na bi su da gudu, babu wanda ya ce in koma.

Daga gida zuwa bakin fadama a hankali Baba ya tafi, yana lallaɓawa kamar yadda aka ce masa, har ina iya cim musu. Dawa ta yi duhu hagu da dama, ganyenta na zubo mana ruwa. Muka iso fadama, ta cika ta batse, ruwan ja a sama, baƙar laka a ƙasa. Baba ya tsaya ɗan kaɗan. Ungozoma ta ce, "Malam, ta sake farawa, mu je!" Ya shiga.

Rabin farko Kwaɗo ya yi abin da ya saba, yana tafe yana watsa laka. A tsakiya, inda ruwan ya fi zurfi, tayoyin baya suka fara nutsewa saboda nauyin mutum uku. A da in haka ta faru matsa masa ake yi, ya yi gurnani ya fizge kansa ya fita, na sha gani. Baba ya san abin da ƙaninsa ya ce. Ya kuma san in bai matsa ba a nan za su zauna. Ya matsa.

Ƙarar ta hau, ta hau, tayoyin suka fara kamawa, har gaban ya ɗaga. Sai na ji ƙas! Sau ɗaya tak, kamar an saki tukunyar ƙasa a kan dutse. Daga nan babu komai sai kukan kwaɗi da ruwan da ke gudu ta ƙarƙashinsu.

Baba ya yi ta ƙoƙarin tayar da shi. Ya sauka cikin ruwa har cinya yana turawa shi kaɗai, yana kiran sunan Allah, yana kiran mutane. Masu gonakin bakin fadama suka yar da fartanyu suka shigo. Aka kwance ƙyauren aka ɗora a kafaɗu, maza suna ciro ƙafa ɗaya laka na riƙe ɗaya. Ni wani ya saɓa ni a wuya, ban san ko wane ne ba har yau. Aka haura. Aka kama hanyar burji a ƙafa, wani saurayi ya yi gaba da gudu ya tare mota. Akwai wata ɗorawa kafin a kai hanya. A gindinta ungozoma ta ce a sauke. Ta sa kunne a ƙirjin Inna, ta daɗe. Sannan ta miƙo hannu wajena ba ta dube ni ba, ta karɓi mayafin da nake riƙe da shi, ta rufe ta har fuska.

Muna jin ƙarar motoci daga wurin.

Da abin da ke cikinta aka binne ta, bayan la'asar, ƙasa na manne wa masu haƙa a hannu. Aka tura mai keke Kutama. Washegari muka ji muryar Zalɓe daga nesa, lafiyayya, tas, babu ko tari. Kaka ya sauka daga wata ta'aziyya ya shiga wata a ƙofar gidansa. A hanya ya ga Kwaɗo tsaye a tsakiyar fadama, kuma ɗan aike ya gaya masa sauran.

Bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya tsaya a gaban Baba, a gaban jama'a, ya dubi tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya kira shi da sunansa na yanka. Duk wurin aka sunkuyar da kai.

"Me ya hana ka gaya mini?"

Baba ya ce, "Da wane baki, Alhaji?"

Kaka ya juya ya shiga soro. Na bi shi da ruwa, na same shi zaune a ƙasa, ba a kan buzunsa ba. Ya dube ni kamar zai ce amarya, bakinsa ya motsa, sai ya ce, "Da kakarki na nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, a ranar da kuma bayanta.

Da ƙasa ta sha iska aka sa shanu suka jawo Kwaɗo gida. Baffa ya buɗe shi shi kaɗai. Kan bawul ɗin ya ɓalle daga jikinsa ya nutse a fistin kamar an kafa gatari a itace. Bai mayar da na Kwaɗo ba, babu abin da za a mayar wa. Kaka bai sake hawa Zalɓe ba, bai kuma yarda a sayar ba. Su biyun suka tsufa a rumfa ɗaya, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashin ɗaya, gizo-gizo na saƙa a kan ɗaya. Bayan girbi Baffa ya koma Gwarzo da zama, sai da salla muke ganinsa. Babu wanda ya zargi wani. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na yarda, wanda ya ba da rai shi ya karɓa a ranar da ya rubuta. Amma shekaru da yawa bayan haka, da Baba ya rasu, ina wanke rigunansa za a bayar sadaka, na ji abu mai nauyi a aljihun wadda ya fi sawa. Ɓallallen kan bawul ne. Ya yi sumul yana ƙyalli saboda shafar hannu.

Yanzu an yi kwalbati a fadamar, an ce har mota mai shiga tana zuwa ƙauyenmu. Kowa da waya a aljihu. Matan yanzu suna zuwa awo a fili, har su tsaya hira a hanya. Na ɗauka wancan zamanin ya wuce da kayansa, sai makon jiya da na ji shirun ɗana a ƙofar gida. Matarsa tana ɗaki da cikin fari, watanta ya kama, kuma kwana biyu ina lura da ƙafafunta. Babur ɗin nan shi kaɗai ne abin hawa a gidanmu. Mai neman aro wan ubansa ne, uban kuma yana zaune a wurin tare da abokansa.

Ni mace ce da ba a jin muryata daga tsakar gida zuwa soro. Shi kuma yaron ɗan fari ne, wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa shiga maganarsa a gaban mutane ba. Na ajiye faifan shinkafar. Na ja mayafi, na taka har bakin soro, na durƙusa daga ciki na yi sallama.

"Yaya, ina wuni. A gafarce ni, magana ce da ni. Matar yaron nan ta shiga watan haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, ko yau ko gobe ana iya neman asibiti. Babur ɗin nan kada a cire masa ko ƙusa."

Na ji sifana ta faɗi a ƙasa. Mijina ya ce, "Ke, lafiyarki kuwa? A gaban mutane?" Na ce, "A gabansu, Malam." Ɗana, an ce mini, kansa ya sunkuya har haɓarsa na taɓa ƙirji. Sai wan mijina ya ce, "To ai ba mu sani ba. Allah ya raba lafiya. Kai kuma da ka yi shiru, sai yaushe za ka faɗa?" Ya tura babur ɗinsa ya tafi neman wani wuri.

Mijina ya kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. Maƙwabta sun ji, na san ana maganata, wai tsufa ya fara cire mini kunya.

Har yanzu yarinyar ba ta haihu ba. Jiya an kai ta awo an dawo da magani. Ni dai kowace safiya, in na idar da salla gari ya yi haske, sai in fita soro in tsaya. Ɗana ya riga ya gane, ba sai na yi magana ba. Ya yaye buhun, ya buɗe tanki ya nuna mini, ya tayar da shi. In tsaya in saurara, hannuna cikin zani a kan ɗan guntun ƙarfen nan na Baba, har sai na tabbata babu shessheka a muryarsa. Sannan in ce ya kashe.